Kwamfutar da Ta Sha Hayaƙin Banda

Ku 'yan yanzu, da kun kalli wani a waya yana kwance kwamfuta sai ku ce ai ba wani abu ba ne, 'yan kusoshi ne a cire a mayar. Kwanan baya wata 'yar maƙwabtanmu da ta gama sakandare ta zo ta zauna mini a bakin tabarma ta ce, "Anti Dije, ki koya mini gyaran nan kafin sakamakonmu ya fito." Na ce yaushe zai fito? Ta ce bayan salla. Na yi dariya har sai da na ƙware. Ba raina ta na yi ba, yarinya ce mai kai. Amma saboda ita da ire-irenta na ce bari in zauna in faɗi yadda aikin nan yake, tun da bakina ba ya gajiya.

Sunana Hadiza, amma Dije mai kwamfuta aka fi sani. A Haɗeja aka haife ni, nan aka yi mini aure, kuma in ba biki ko gaisuwa ba, da wuya ka gan ni a waje. Karatun boko a firamare na tsaya. Turancin da ke fitowa a fuskar kwamfuta ba duka nake karantawa ba, na dai san kamanninsa kamar yadda na san fuskokin 'yan unguwa. Abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Tun ina yarinya, in ana daka a gidaje uku, zan faɗa miki wane turmi ne ya tsage.

Maigidana, baban su Ummi, mai gyaran rediyo ne da talabijin. Da kwamfutoci suka fara shigowa gidaje ya je Kano wurin wani abokinsa ya koyo, ya riƙa kawo aikin da bai gama ba gida. Wata rana ina tsince shinkafa a tsakar gida, shi kuma yana fama da wata babba irin ta kan tebur. Da ya kunna sai ta yi ta kuka, ƙit-ƙit-ƙit, ba ta nuna komai. Ya canza waya, ya canza gilashi, yana ta tsaki. Daga inda nake na ce, "Malam, ai irin kukan ta ran nan ce, wadda ka zare siririn abin nan ka goge masa haƙora ka mayar." Ya ce, "Ke da shinkafarki." Can kuma na ji shiru, sai na ji ƙaras, ya zare siririn abin, wato ram ɗin. Ya goge, ya mayar, ta tashi. Ya leƙo ya ce, "Ajiye farantin nan ki zo."

Kada ku ɗauka daga ranar na zama gwana. Matacciyar kwamfuta ya ba ni, wadda ba ta da sauran amfani, ya ce in kwance ta ƙaf in mayar. Damina guda ina wannan. In na gama ya ga kusa ɗaya ta rage a tabarma, ba ya faɗa, sai ya ɗauke ta ya ɗora mini a tafin hannu ya tafi masallaci. Shi ya koya mini zuba kusoshi a kiret ɗin ƙwai, rami bayan rami yadda na ciro su, don in zan mayar in biyo baya. Shi ya hana ni taɓa cikin inji da awarwaro ko zobe, ya ce kafin in sa hannu in fara taɓa ƙarfen taga. Na ƙona yatsa da ƙarfen dalma ba adadi. Akwai wani siririn zare mai haɗa madannai da allon ciki, na tsinka irinsa har sai da ya ce in na sake tsinka wani zai mayar da ni kan shinkafata. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya koma gonarsa ta fadama, ni ke riƙe da kayan.

Kayan nawa ba su da yawa, duk suna cikin wani tsohon akwatin ƙarfe. Ƙananan sukundirebobi masu kai iri-iri, mita ta gwada wuta, tsohon burushin haƙori, sifirit na goge tsatsa, robar goge rubutu ta 'yan makaranta, mayen ƙarfe da na ciro daga tsohuwar sifika don tsintar kusa in ta faɗi. Akwai 'yar bulawa ta hura iska, akwai filash, wato ɗan ƙaramin ma'aji da ake tsirawa a gefen kwamfuta, da rumbun ajiya na waje wanda nake kwashe kayan mutane a ciki. Sai wata 'yar talabijin da wayarta, da batirin sola. Za ku ji amfanin talabijin ɗin nan gaba.

Yawancin masu kawo mini aiki mata ne, kuma akwai dalili. Mace ba ta son ta kai kwamfutarta shagon kasuwa ta baro ta a hannun samari. A ciki akwai hotunanta na cikin gida ba mayafi, akwai na ranar lalle, akwai na 'ya'yanta mata. Wata gara ta ajiye ta a ƙarƙashin gado ta lalace da a buɗe mata su a shago ana dariya. Shi ya sa na kafa ƙa'ida tun farko. Mai kaya ba ta tafiya, tana zaune kusa da ni har in gama. In an zo wurin buɗe abin da ke ciki, fuskar kwamfutar ita take kallo, ni ina bayan kwamfutar. Sai in ce mata, "Ni ce kunne, ke ce ido. Faɗa mini me kika gani, in faɗa miki inda za ki danna." Ko mace ce ni, hoton wata ba nawa ba ne.

Na tuna wata da aka kawo mini daga Kafin Hausa, ta wata mai ɗinki da take ajiye zanen surfani a ciki. In an kunna sai ta yi aiki kaɗan ta mutu. An riga an ce mata allon ciki ne ya ƙone, ta sayi wata. Na kunna na kara kunne. Fankar ba ta juyawa, sai wani ɗan gurnani kamar tana so ta tashi an riƙe ta. Da na buɗe, ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a bakin fankar, ya toshe mafitar iska. Na fasa ginin, na hure, na sa sabon man sanyi a kan ƙwaƙwalwar injin. Matar ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, amma ki daina ajiye ta a bakin taga da damina. Ga wanda bai saurara ba, da an jefar da lafiyayyen inji saboda ƙwaro.

Sai kuma masu son sabuwar manhaja. Manhajar da nake nufi ita ce babbar, wadda kwamfuta ke tashi da ita, komai a kanta yake zaune. Duk sanda aka fito da sabuwa sai hankalin mutane ya tashi, kowa yana so a ɗora masa, ko da injinsa tsoho ne da ba zai iya ɗauka ba. Wata malamar asibiti daga Malam Madori ta fara ɗora wa tata da kanta, a kan janareton maƙwabta. Ana tsakiyar aiki mai ya ƙare, batirin kwamfutar kuma dama ya mutu. Tsohuwar manhaja ta tafi, sabuwa ba ta gama zama ba. Ta zo mini ido ya yi ja. Na ciro rumbun ajiyarta na ciki na haɗa da wata kwamfutar, ta kwashe kayanta da hannunta, sannan na ɗora mata daga farko. Ita ta yi sa'a. Ku riƙe wannan: ba a fara ɗora sabuwar manhaja sai an kwashe kaya zuwa wani wuri, sai an tabbatar da wutar da za ta kai ƙarshe, sai kuma an duba ko injin zai iya. Wata kwamfutar in kin ɗora mata sabuwa, sai ta koma tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na sha ce wa mace, "Bar ta da tsohuwar, lafiyarta ƙalau," ta tafi tana jin haushina, bayan wata biyu ta dawo da tsaraba.

Garanti kuma wani karatu ne daban. In kin sayi sabuwa a kwali, kamfani ya yi alkawarin in ta lalace da kanta cikin wani lokaci zai gyara ko ya canza. Amma akwai ɗan hatimi da ake mannawa a kan kusa a bayanta. Ranar da aka yaga shi, alkawari ya tashi. In ruwa ne ya shiga ko faɗuwa ta yi, nan ma babu. Shi ya sa kafin in ɗauki sukundireba nake juya kwamfuta in duba bayanta. Mai gyaran da ya yaga hatimi don ya nuna ya iya, ya cuci mai kaya. Abin da mutane ba su sani ba kuma shi ne, in an canza miki, tsohuwar ba ta dawowa. Ta tafi ke nan da duk abin da ke cikinta.

To, shekarar da ruwa ya ci garin nan, ita ce muguwar shekarata. Kogi ya cika ya haura, jingar da ke tare ruwa ta ɓalle ta bayan unguwarmu, muka wayi gari ruwa a tsakar gida har gwiwa. Na samu na ɗora akwatin kayan aiki da talabijin da batirin sola a kan kabad. Amma buhunan matattun injina da na daɗe ina tarawa, waɗanda nake ciro kayan gyara a jikinsu, duk suka sha laka suka yi tsatsa. Turakun lantarki suka faɗi, aka daɗe ba wuta. Hanyar Kano ta yanke. Kwamfutocin da aka yi ta kawo mini bayan ruwa ya janye, yawancinsu ba ruwan ne ya kashe su ba, garaje ne. Mutum zai tsamo ta ya girgiza, ya danna ya ga ko tana tashi. Wannan dannawar ita ce ajalinta. Wasu sun tura tasu cikin buhun shinkafa shanshera don ta tsotse ruwan, wasu sun shanya a kan kwano har roba ta lanƙwashe. Na mayar da aiki da yawa a shekarar ina ce wa masu shi, ku yi haƙuri, wannan ta riga mu.

A cikin kwanakin nan ne Falmata ta yi sallama. Malamar Islamiyya ce, 'yar marigayi Goni Modu, wanda ya daɗe yana ba da karatu a zaurensa ta wajen bakin kogi. Asalinsu mutanen Barno ne. Tare take da mahaifiyarta, Inna Yagana, wadda duk mai sayen bandar kifi a garin nan ya san ta. Falmata tana rungume da abu a naɗe cikin zani. Tun kafin ta kwance, kyanwata ta taso daga inda take kwance ta zo tana shinshina.

Na ce, "Falmata, kifi kika kawo mini ko aiki?"

Ta kalli uwarta ta ce, "Ki tambayi Iya."

Inna Yagana ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Ni na ɗora ta, ba na ɓoyewa. Sanyi ne ya shige ta. Abin da sanyi ya shiga kuwa hayaƙi ne maganinsa. Ba a kan wuta na sa ba, a kan katangar murhu na ajiye, a naɗe. Kifin da ya fi ta jiƙa ma ya bushe."

"Iya, kwamfuta ba tarwaɗa ba ce."

"Ke da kika sani, me ya hana ki tashe ta?"

Na bar su suka gama, sannan na tambayi yadda aka yi. Kwamfutar sabuwa ce, ta cinya, yayan Falmata ya saya mata a shagon Alhaji Sabo, kuma garantinta bai ƙare ba. Tun kafin ruwa ya zo gilashinta ya fara ƙifta ido, ta kai wa Alhaji Sabo ya gani, ya ce ta dawo in ya dawo daga tafiya. Kafin ya dawo gilashin ya mutu gaba ɗaya, sai kuma ga ruwa. Ranar da suka fita daga gida a cikin roba ta ɗauko ta a ka, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Wayarta ce ta faɗa ruwa ta tafi.

Na ce, "To ai da sauƙi. Ga hatimi nan lafiya. Ku mayar masa ya aika a canza."

Falmata ta ce, "Anti, muryar Baba tana ciki."

Ashe a shekarunsa na ƙarshe, in yana ba da karatun littafi a zaure, takan aika a ajiye wayarta kusa da shi ta ɗauka. Da ta samu kwamfuta ta zuba duka a ciki. Yanzu waya ta tafi, shi ya rasu, ba wani wuri a duniya da muryar take sai cikin wannan abin da ke warin kifi. In aka aika aka canza, ta tafi.

Inna Yagana ta ƙara da cewa, "Kuma hotunan 'ya'yana suna ciki, na ɗaki. Ba za a kai mini su Kano hannun ƙarti ba. 'Yar nan, ɗauko ƙarfenki ki fasa ta. Ki ciro mini Malam, sauran a zubar. Garanti ya daɗe bai tashi ba."

Falmata ta ce, "Iya, da ita nake shirya karatun yara. Yaya ba zai iya sayen wata ba, ruwa ya cinye masa shinkafa."

"To ki zaɓa, ubanki ko gilashi."

Gaskiya sukundireba tana hannuna. Yaga hatimi in ciro rumbu abu ne da zan yi ido rufe. Amma na ajiye ta na ce, "Inna, ki ba ni dama in saurare ta tukuna."

Na fara shinshina ramukan gefenta, na haska ciki. Ba laka, ba tsatsa, ba alamar zafi, hayaƙi ne kawai ya kama roba. Na haɗa cajarta da batirin sola na danna, na kwantar da kunnena a kan madannai. Gilashi baƙi ƙirin. Amma fanka ta tashi da ƙarfi, ta ɗan jima, sannan ta sassauta ta zauna daidai, kamar wanda ya gama hawan tudu ya samu numfashi. Matacciyar kwamfuta ba ta haka. Na ce wa Falmata, "Rubuta kalmar sirrinki kamar kina gani." Ta rubuta a makance. Na danna wurin ƙara sauti, sai muka ji ɗin, 'yar ƙara siririya.

Na ce, "Tana da rai. Makancewa kawai ta yi. Za mu ara mata ido."

Na sauko da talabijin ɗina na haɗa wayarta a gefen kwamfutar, ba tare da na taɓa kusa ko ɗaya ba. Na juya fuskar talabijin wajen Falmata, ni na koma bayan talabijin na zauna. Shiru. Na danna madannin da ke tura hoto waje. Sai na ji Falmata ta ja numfashi ta ce, "La ilaha illallahu, ga ta nan!"

Saura matsalar wuta. Kwanaki ana hadari, rana ba ta fito sosai ba, batirin bai cika ba, ga talabijin da kwamfuta duk suna sha. In ya kusa ƙarewa akwai kukan da na'urarsa take yi, kuma na san ba zai daɗe ba. Na sa rumbuna na waje na ce, "Ba lallai mu kwashe duka yau ba. Wanne za a fara?"

Falmata ta buɗe baki, uwar ta riga ta. "Malam tukuna."

Haka muka yi. Ina bayan talabijin ina cewa, me kika gani a hagu? Ta ce jakunkuna masu ruwan ɗorawa. Na ce nemi wadda kika zuba karatun. Ta ce ga ta. Na ce danna ta dama, zaɓi na kwafa, koma kan rumbuna, sauke. Ta ce wani koren layi yana tafiya. Na ce kada ki taɓa komai, ko tabarmar kada ki ja. Inna Yagana ta matso tana leƙe ta ce, "Wannan tsutsar ce ke ɗauke da shi? Ai ta fi shi nawa, shi da ba ya son jira." Layin ya wuce rabi sai na'urar batir ta fara kuka. Na tashi na kashe talabijin don a rage sha. Falmata ta ce, "Anti, kin kashe!" Na ce ido na rufe, aikin yana tafiya. Muka zauna, ni ina kallon 'yar fitilar rumbu tana ƙiftawa, ina jin shi yana ɗan kaɗawa a ƙarƙashin yatsana. Da ƙiftawar ta tsaya, kaɗawar ta lafa, na kunna talabijin. Falmata ta ce layin ya tafi, jakar tana cikin rumbu.

Ni ba na yarda an kwashe abu sai an buɗe shi daga inda aka kai shi. Na ce ta buɗe ɗaya daga cikin rumbuna, kowanne hannunta ya faɗa. Ta danna. Sai ga gyaran murya, sai ga muryar dattijo, a hankali, yana karanta Larabci yana fassarawa da Hausarsa mai gauraye da harshen Barno. Babin tsarki yake bayani. Ana jin ɗalibai suna amsawa, ana jin zakara daga nesa. Falmata ta rufe baki da mayafi. Yana cikin bayani sai ya yi tari, ya sake yi, sannan ya ɗaga murya: "Yagana! Rage hayaƙin nan mana, kin hana mu numfashi!"

Inna Yagana ko ɗar ba ta yi ba, ta juya wajen kwamfutar ta ce, "Da hayaƙin kake cin tuwo, Malam."

Sai da ta faɗa sannan ta ji abin da ta faɗa. Ta ja bakin zani ta goge fuska. Falmata tana dariya tana hawaye ta ce, "Kin ji ko, Iya? Har yanzu bai yarda da bandarki ba, ga shi kin sake turara shi." Batir ya mutu a daidai nan.

Washegari rana ta fito, suka dawo. Muka kwashe hotuna da takardun makaranta, Falmata ta duba da idonta ta ce sun cika. Sannan na goge kwamfutar, ba irin gogewar sama-sama da wani zai iya tonowa ba, na mayar da ita fayau kamar ranar da aka ciro ta a kwali. Na goge jikinta da sifirit, na kwana da ita a cikin leda tare da gawayi don ya ja warin. Ya ja rabi.

Na aika aka kira Alhaji Sabo, ya zo zaure, baban su Ummi yana zaune. Da ya ɗauka ya kai hanci ya ce, "Hajiya Dije, wannan da barkono za a ci ko da manja?"

Na ce daga bayan labule, "Alhaji, juya bayanta ka duba hatiminka."

Ya ce, "Hatimi yana nan. Amma bana duk wadda na aika daga garin nan, da sun ji sunan Haɗeja sai su ce ruwa ne."

Na ce, "Su buɗe da hannunsu. Akwai ɗan tambari a ciki da ke canza launi in ya ga ruwa, shi zai ba su amsa. Kuma kada ka ɓoye musu komai. Ka ce an ajiye ta gefen murhun banda, amma bayan gilashin ya mutu ne. Kai da kanka ka ga tana ƙifta ido tun kafin kogi ya cika, ko ba a kawo maka ba?"

Ya ce, "An kawo. Ni na ce ta jira." Ya naɗe ta ya ce zai faɗa musu haka, in hanya ta buɗe.

An daɗe. Har an fara yankan abin da ya tsira na shinkafa sannan ya aiko a ce ta iso. Sun duba sun ga ciwon daga wurinsu ne, suka ba da sabuwa dal a kwali. Falmata ta kawo mini ita don in mayar mata da kayanta, Inna Yagana na biye da ita da ƙullin kifi a hannu. Sai dai wannan da sabuwar manhaja ta zo, wadda ta fi ta da. Muka zuba komai, hotuna suka buɗe, takardu suka buɗe. Da Falmata ta danna karatun sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci, ba murya.

Inna Yagana ta ce, "Me ya faru? Ya ƙi magana?"

Na ce, "Bai ƙi ba, Inna. Sabuwar ce ba ta san irin ɗaukar tsohuwar waya ba. Sai an haɗa su da tafinta."

Ga abin da nake so ku ji, ku masu cewa kusa ce a cire a mayar. A nan ne mai garaje zai ce kayan sun lalace ya goge. Ni ina da wata 'yar ƙaramar manhaja a filash ɗina mai buɗe kowace irin murya, na ɗora mata. Na kuma sa Falmata ta zuba karatun a filash biyu, ɗaya a wurinta, ɗaya a kai wa yayanta, don kada ya sake zama a wuri ɗaya. Duk aikin nan daga farko har ƙarshe ban kwance kusa ko ɗaya ba, kuma shi ne aikin da na fi alfahari da shi. Kafin ku ɗauki ƙarfe, ku juya ku duba hatimi, ku tambayi mai kaya me ke ciki da wa ya halatta ya gani, sannan ku yi shiru ku saurara.

Da na gama na ce wa Falmata ta gwada. Ta kai hannu za ta danna na farko a jerin, sai Inna Yagana ta riƙe mata hannu.

"Ba wannan ba. Nemo mini na ran nan."

"Wanne, Iya? Babin tsarki?"

Tsohuwar ta gyara zama, ta jawo ƙullin kifinta kusa da kwamfutar, ta ce, "Shi. Kunna mini shi ya yi faɗan nasa."